Katangar da Babanku Bai Gama Ba

A Sallar layya da ta wuce, ina kicin ina juya suyar nama, na ji kai Bashir kana gaya wa matarka cewa Babanku ya rasu bai yafe wa Yayarku aikin da ta zaɓa ba. Ke kuma Maryam kina gefe kina gyaɗa kai kamar a gabanki aka yi. Ban tanka ba don gidan cike yake da baƙi, amma naman nan sai da ya ƙone. Kun daɗe kuna wannan magana, yanzu kuma ta fara shiga kunnen jikokina, to gara in gyara ta tun ina da sauran numfashi. Ku biyun nake rubuta wa wannan babi. Ita Yayarku ta san abin da ke ciki, ita ce ma ta roƙe ni in yi shiru, na kuwa yi shirun har ya ishe ni.

Sai na fara da abin da ku 'ya'yan Amurka kuke ɗauka almara. A inda muka tashi ni da Babanku, cikin birnin Kano, iyaye suna jin kunyar ɗansu na fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, ba sa yabonsa, in ma wani ya yaba sai su kawar da kai ko su kushe. Ba ƙiyayya ba ce, kara ce ake yi wa manya da dangi, don kada a ce kana rawar kai da abin da Allah ya ba ka. Can gida abin ba ya cutar da yaro, domin akwai kaka, akwai gwaggo, akwai kawu, su za su ɗauke shi su yi ta lallashi da kirari har ya sangarce. Mu kuwa muka ɗauko kunyar muka tsallako teku da ita, muka baro kakannin da gwaggonnin a baya. Wannan ne ba mu hango ba.

Sunanta Hadiza. Na rubuta, don alƙalami ba shi da kunya. Ni tawa kunyar, Amurka ta cinye fiye da rabinta, domin a asibiti a tambaye ki sunan yarinya, a makaranta a tambaye ki, ba za ki tsaya kina nuni da baki kamar kurma ba. Shi kuwa Babanku ko ɗigo bai rage ba. Har ya koma ga Allah “mutuniyar” yake ce mata, in kuma yana son ta yi wani abu sai ya faɗa wa iska, “A kawo ruwa mana,” ita ce kuwa kaɗai a ɗakin. Mutanenmu na Greensboro kaf Maman Bashir suke kira na, alhali da wayonta sarai aka haife ka. Wata rana tana ƙarama ta tsare ni a bakin firij ta ce, “Mama, ni ba taki ba ce?” Dariya na yi na kore ta. Da na san tambayar za ta girma tare da ita, da na zaunar da ita.

Babanku ɗan gidan magina ne, kakanninsa da ƙasa da tubali suka ci abinci. Da muka zo nan ya sha wahalar aikin sito kafin ya samu shiga wurin wani ɗan kwangila yana jera bulo, kuma yawancin gidajen da ke kewayen filin wasan nan na Sedgefield akwai hannunsa a jikinsu. Kun tuna yawon ranar Lahadi da kuka tsana, a cusa ku a mota a yi ta zagaya unguwar mutane a hankali yana leƙen bango. Ku biyu barci kuke yi. Ita ce take manna goshi a gilashi, in an tsaya ta fita ta shafa bangon ta dawo da ƙura a hannu. Yana ganinta ta madubi, ba ya cewa komai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai ita tata barewar bangon matattu ta bi.

Da ta shiga jami'a ta zo mana da sunan wani karatu da har yau harshena ya ƙi shi. Da ta yi mini bayani na ce, au, tonon kufai ke nan, wato wurin da gari ya taɓa zama ya tashi. Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba, ni ce na yi faɗan ba shi ba. Na ce duk likitanci da lauyanci da ke ƙasar nan ki rasa abin karantawa sai haƙa rami? Tun tana ɗaliba malamanta suka fara tafiya da ita Albaniya, wata ƙasa a bakin teku daura da Italiya, inda suke tonon wani tsohon gari a kan tudu. Ta ce garin wasu mutane ne da ake kira Iliriyawa, waɗanda suka zauna a gaɓar nan fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, masu jiragen ruwa da fatauci. In ta dawo hutu sai ta buɗe kwamfuta a teburin kicin tana nuna mini hotuna: ganuwar da ta kewaye tudun, rijiyoyin tara ruwan sama da aka fafe cikin dutse, matakalar da ta gangara har ta shige cikin teku, fasassun tuluna na mai da giya, da 'yan kuɗaɗen tagulla masu hoton jirgi. Awaki na kiwo a tsakiyar abin da ta ce wai kasuwa ce. Ni dai duwatsu nake gani da ciyawa. Amma na lura duk ranar da aka buɗe kwamfutar nan, ƙofar falo a buɗe take, rediyon Babanku kuma ya yi shiru.

Ranar da ta ce mutanen nan ba su bar rubutu da harshensu ba, duk abin da aka sani game da su maƙwabtansu ne suka rubuta, su kuma 'yan fashin teku suka kira su, sai da ta fita Babanku ya leƙo kicin kamar mai neman cokali.

“Wato maƙwabta ne suka ba da labarinsu?” in ji shi. “Allah sarki. Wanda maƙwabci ya ba da labarinsa ai ya shiga uku.”

Abin da nake son ba ku labari ya fara ne da walima. Ta gama digirin ƙarshe, an ce yanzu dakta ce, kuma an ba ta shugabancin wani sashe na tonon, ɓangaren ƙofar gari. Muka tara jama'a a bayan gidanmu na Pleasant Garden. Babanku da kansa ya tafi gona ya zaɓo rago, ya dawo ya ce bai yi masa ba, ya koma ya canzo. Ya sa babbar rigar da ba ya sawa sai Idi. Maza suna zaune a inuwa sai Alhaji Mamman, mutumin Maraɗin nan mai manyan motoci, ya ɗaga murya.

“Malam, barka, barka! An ce mun samu lokotoro a gida. Bon, wace asibiti za ta kama aiki, mu ma mu huta da layi?”

“Ina fa, Alhaji,” in ji Babanku. “Ba irin wannan ba ce. Wai tonon kufai ta karanta, tsintar fasassun tukwanen mutanen da suka mutu tun zamanin jahiliyya. Aikin marasa aikin yi dai.”

Dattawan suka yi dariya, irin dariyar da ake yi in an gane. Alhaji Mamman ya ce Allah ya sa albarka, kowa ya ce amin. Ni da na san muryar mijina, na san a ranar alfahari ya kusa ture masa hula. Duk wanda ya tashi a gida ya san abin da uba ke nufi in ya kushe ɗan fari a bainar jama'a. Amma ita a bayansa take tsaye da tiren zoɓo, kuma ba a gida ta tashi ba. Ta ajiye tiren a hankali ta shigo kicin ta same ni.

“Mama, kin ji abin da ya ce? In front of everybody.”

“Haka ake yi,” na ce ina zuba shinkafa. “Ke ma kin sani.”

“No, Mama. Ban sani ba. Ba wanda ya taɓa gaya min.”

Na ce ta ɗauki kwanon nan ta kai wa mata, ma yi magana daga baya. “Daga bayan” nan ba ta zo ba, ga baƙi, ga wanke-wanke, ga haɗa kaya. Ranar tafiya ta durƙusa a gabansa ta yi sallama. Yana kallon carbinsa ya ce Allah ya tsare hanya, a riƙe salla. Ta ɗan jira ko akwai ƙari. Babu. Abin da ba ta sani ba, ya kwashe kwanaki yana yawon kantuna yana neman safar hannu ta fata mai kyau, irin ta masu aikin dutse, ya kawo ya danƙa mini ya ce in sa mata a jaka, in ta tambaya in ce ni na saya. Haka kuwa na ce.

Daga nan ta daina zuwa hutu. In zafi ya yi tana kan tudun, in sanyi ya shigo tana wani birni tana wanke kasake da rubuce-rubuce. Ni kaɗai take kira, ranar Lahadi da safe, lokacin su can rana ta yi. Ta kan ce a gaida Baba, in ce zai ji. Ai kuwa yana ji, don yana zaune a ƙarshen teburin, daidai inda kyamarar waya ba ta kaiwa, da kofin shayinsa da ya huce. Tun daren Asabar yake shirya mini tambayoyi kamar mai shirya ɗaliba jarrabawa. Ki tambaye ta daga ina suka fasa dutsen. Ki tambaye ta yaya suka hau da shi tudu. Ki ce ta matso da wayar kusa da kusurwar ƙofar. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, kada ki ce ni na tambaya. Ni da ban san bambancin dutse da marmara ba, sai ga ni ina tambayar yadda ake sassaƙa kusurwa. Ita kuma sai ta ba ni amsa gajera, irin wadda ake ba uwa mai neman hira, ta koma tambayar ciwon gwiwata.

Abin da ya hana shi sakat ganuwar ce. Duwatsu ne manya masu kusurwa da yawa, kowanne an sassaƙa shi ya shige cikin ɗan'uwansa, ba siminti, ba laka, ba komai a tsakani, kuma suna nan tsaye bayan masu ginin da jikokinsu sun zama ƙasa. Shi da ya yi rayuwarsa yana cewa gini ba ya tsayuwa sai da kwaɓi, abin ya tsaya masa a rai. Ya sa Maryam ta buga masa hotunan da Yayarku take turo mini, ya ce na ƙawata ɗaki ne. Sai kawai wata safiya na ga ya ja igiya a bayan gida, can bayan lambuna, yana haƙa jar ƙasar nan. Akwai wani tsohon Bature maƙwabcinmu mai gona, wanda duwatsu suka addabi garmarsa, shi ya ce ya zo ya kwasa kyauta. Babanku ya yi ta jido su a bayan mota, mutumin da likita ya hana ɗaukar abu mai nauyi. Da kuka tambaya ya ce katanga yake yi don barewar da ke cinye mini yakuwa da kuɓewa. Kuka yarda. Ba wanda ya tambayi kansa wace irin katanga ce ake yi wa barewa mai lanƙwasa da ƙofa a tsakiya, kuma nesa da lambun.

Ƙofar garin nan yake ginawa, wadda aka ba ta ta tona, ƙarama dai, daidai ƙarfinsa. Yini yake yi da guduma da kurfi yana sassaƙa dutse ɗaya, ya ɗora, ya sauke, ya sake sassaƙawa. In ta kai masa gwiwa lafiya lau. Da zarar ta doshi ƙugu, aka yi ruwan sama mai ƙarfi, sai mu tashi mu tarar ta kwanta. Ya tsaya a kanta hannu a baya, ya ɗauko hoton ya ƙura masa ido.

“Akwai abin da hoton nan yake ɓoye mini, Hajiya.”

Ranar Lahadi ya sa na tambaye ta me yake riƙe duwatsun. Ta ce, “Nauyinsu, Mama,” ta wuce zancen. Ya gyaɗa kai daga inda yake, ya tafi ya nemo waɗanda suka fi nauyi. Katangar ta sake faɗuwa. Ranar nan raina ya ɓaci, na same shi yana tsince duwatsu cikin taɓo.

“Malam, wai wannan wace irin wahala ce? Ga waya, ga 'yarka. Ka tambaye ta da bakinka mana, ba cizo take yi ba.”

“Ni in zauna ina hira da 'yar fari? A ina kika taɓa gani?”

“Wa yake ganinka a nan? Barewa?”

“Ni ina ganin kaina,” in ji shi. Ya ci gaba da tsintarsa.

Kada ku ɗauka taurin kai ne kawai. Shi ma ɗan fari ne. Mahaifinsa bai taɓa kiran sunansa ba, kuma bai taɓa shakkar son da yake masa ba, don ranar da ya fara ɗora tubali daidai, tsohon ya zo ya tsaya ya duba, ya yi gyaran murya ya wuce, shi ke nan, kuma gyaran muryar nan Babanku ya riƙe ta har tsufansa. A wurinsa haka ake gaya wa ɗa. Yana ganin shiru ma magana ce. Ni ce na san cewa a ƙasar nan shiru ba komai ba ne sai shiru, don na ga 'ya'yan mutane a makarantarku iyayensu na ihu da sunansu a filin ƙwallo, na ga yadda take kallonsu.

Ana cikin haka, wajen ƙarshen zafi, ta kira da wata murya daban. Ta ce sun kai ƙasan ƙofar, sun samu dandamalin da ƙafafun mutane suka goge, har da ramin da ƙyauren yake juyawa a ciki. Ta ce kafin damina za su rufe ramukan da ƙasa don kada ruwa ya ɓata, in ina son gani to yanzu ne. Ta ce akwai masallaci a ƙauyen da ke gindin tudun, ana jin kiran salla daga wurin aikin, abinci ma ba matsala. Sai ta ƙara da cewa, “Ki zo da duk wanda yake son zuwa.” Ni na san hannunka mai sanda in na ji shi. Na kalli ƙarshen tebur, na ga ya ajiye kofin shayinsa ya kasa kunne.

Satin nan bai zauna wuri ɗaya ba. Ya ciro fasfo ya duba ko bai mutu ba, ya mayar. Ya tambayi Alhaji Mamman ta ina ake bi a je ƙasar, wai wani ne ya tambaye shi. Na fara murna, har na ciro akwati. Sai wata la'asar ya shigo daga bayan gida da ƙura har gira, ya zauna a bakin ƙofar kicin.

“Ki mayar da akwatin nan. In na je can, me zan ce mata? In tsaya a gaban Turawanta ina yaba ta? Bari dai in gama katangar nan. Ki lallashe ta ta zo hutun sanyi. In ta fita bayan gida ta gani, ba sai an ce komai ba.”

Zan iya cewa na yi gardama, amma ban yi sosai ba. Gaskiya dabarar ta burge ni. Na riƙa hango ta ta fito da safe ta yi turus, shi kuma yana can gefe yana yi kamar yana duba tayar mota. Na ga kamar wannan ya fi duk wata magana da zai iya yi. Ga shi ba na son in tafi in bar shi shi kaɗai da hawan jininsa da duwatsunsa. Ranar Lahadi na ce mata gwiwata ba za ta iya hawan tudu ba, ta zo dai hutun sanyi. Ta ce, “Okay, Mama.” Ba ta tambayi kowa ba, ba ta kuma ce a gaida kowa ba. Muna ganin muna da lokaci, kamar wani ya yi mana alkawarinsa.

Ganyaye sun fara zuba lokacin da abin ya faru. Katangar ta sake kaiwa ƙugu, wannan karon ta jure ruwa har sau biyu, yana ta jin daɗi. Na kira shi cin abincin rana bai amsa ba. Na fita na same shi zaune ya jingina da baro, guduma a cinyarsa, kamar mai hutawa. Motar asibiti ta zo da sauri, amma ya riga ya tafi. Sauran kun sani, kuna nan. Da takardu suka fito aka yi masa sutura aka kai shi, ba a jira kowa ba, shi ma da kansa ba zai yarda a jira ba. Ita tana can kan tudu, sai ta sauka ƙauye, ta nemi mota zuwa birni, jirgi ya kai ta wata ƙasa ya ajiye, wani ya tsere mata. Ba ta iso ba sai ranar sadakar uku.

Yanzu Bashir, ka karanta wannan a zaune. Ranar jana'iza jama'a suka yi yawa, daga Raleigh, daga Charlotte, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Ana neman inda za a kafa rumfa a jera kujerun zaman makoki. Ka zo bakin ƙofar ɗakina ka ce, “Mama, za mu share backyard, akwai duwatsun nan.” Na ce ku yi duk abin da ya kamata. Wallahi ban ji abin da ka ce ba, a ranar ko cewa ka yi za ka rushe gidan haka zan amsa. Kai da samarin masallaci kuka rushe ta, kuka loda a motar Alhaji Mamman, kuka kai kwarin da ke bayan gonar Baturen nan kuka juye. Aikin kirki ka yi, irin wanda ake so ɗa ya yi ranar mutuwar ubansa. A saninka katangar barewa ce da ta ƙi tsayuwa. Ba laifinka ba ne, kuma saboda kai Yayarku ta ce in yi shiru. Ni sai da aka kwana biyu na leƙa ta taga na ga rumfa a wurin. Kukan da na yi a ranar, mata suka ɗauka na miji ne kawai.

Ta iso ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta gaida mutane, ta karɓi gaisuwa, ta shiga kicin ta kama aiki kamar baƙuwar da ta zo taya mu. Na so in gaya mata, amma me zan nuna? In ce ubanki ya gina miki abu, ta ce ina yake, in nuna mata kujerun roba? Za ta ɗauka irin ƙaryar nan ce da ake yi wa marayu don su ji sanyi. Na bar ta ciki na ciki.

Da jama'a suka watse aka zo aka naɗe rumfa. Washegari da hantsi ina tsaye a tagar kicin na ga ta fita bayan gida da kofin shayi, tana tafiya kawai irin ta wanda gida ya yi wa ƙunci. Ta wuce lambun. Sai na ga ta tsaya. Ta daɗe a tsaye tana kallon ƙasa, sannan ta ajiye kofin a ciyawa ta tsuguna. Ni daga nan ba abin da nake gani sai tabon da kujeru suka bari. Ita kuwa aikinta ke nan, karanta wurin da abu ya taɓa tsayuwa. Ta sa tafin hannu tana share ƙasar a hankali. Inda duwatsun suka zauna ciyawa ta mutu, jar ƙasar ta danne ta yi santsi, ga ɓarɓashin sassaƙa ko'ina. Ta bi layin da rarrafe, ta lanƙwasa inda ya lanƙwasa, ta zo inda ya yanke, ta tsallake, ta same shi ya ci gaba a ɗaya gefen ya karya ciki. Sai ta miƙe ta ja da baya ta kalle shi gaba ɗaya, hannunta a baki.

Na yafa mayafi na fita. Ba ta juyo ba.

“Mama, wa ya yi wannan?”

“Babanki.”

“Wannan ƙofata ce.”

“Ita ce.”

Ta sake tsugunawa ta auna faɗin layin da hannunta. Muryarta ta koma ta aiki, ina jin don kada ta karye.

“Ya yi siriri da yawa. Fuska ɗaya ya yi. Biyu ne, Mama, ɗaya a waje ɗaya a ciki, a cika tsakiya da tsakuwa. A hoto ba a gani. Faɗuwa ta riƙa yi, ko?”

“Ta faɗi ya fi a ƙirga.”

“Da ya tambaye ni. Magana ɗaya ce.”

Na ce ya tambaya. Ta ɗago ta dube ni, na ga tana komawa baya, Lahadi bayan Lahadi, tana jin muryata ina tambayar inda aka fasa dutse da yadda ake sassaƙa kusurwa, tana jin amsoshin da ta ba ni a tsaitsaye.

“Wanne daga ciki ne nasa?”

“Duka.”

“Duka, Mama?”

“Duka. Ni ina ruwana da duwatsu.”

Sai a lokacin ta zauna daɓas a jar ƙasar nan, a daidai bakin ƙofar, ta yi wa ubanta kuka.